Daren Daliget: Yadda Mutum 3,000 Suka Tace wa Najeriya 'Yan Takarar Shugaban Ƙasa

Da daren Asabar 28 ga Mayu, 2022, a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, masu neman PDP ta ba su tutar takarar shugaban ƙasa sun gama hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi tallar kansa ya sauka. Ana shirin fara jefa ƙuri'a sai Gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sake neman a ba shi makirufo. Bai ja magana ba. Ya ce ya janye, kuma yana roƙon magoya bayansa su zaɓi Atiku Abubakar. Filin ya kaure da sowa a wani ɓangare, a wani kuma fuskoki suka murtuke. Da aka ƙidaya, Atiku ya tashi da ƙuri'a 371, Gwamnan Ribas Nyesom Wike ya samu 237, Bukola Saraki 70, sauran suka raba abin da ya rage.

A lura da ƙanƙantar alƙaluman nan. A lokacin, masu rajistar zaɓe a Najeriya suna dosar miliyan 93, amma waɗanda suka yanke wa babbar jam'iyyar adawa hukuncin wanda za ta tsayar ba su kai 800 ba. Kwana goma bayan haka, a dandalin Eagle Square, mutum 2,000 da 'yan kai suka yi wa APC mai mulki irin wannan aiki. Kafin talaka ya ga takardar ƙuri'a a watan Fabrairun 2023, mutum kusan 3,000 sun riga sun tace masa sunayen da za su fi ɗaukar hankali a kanta.

Tushen abin yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 131 ya ce mai neman shugabancin ƙasa sai ya kasance haifaffen ɗan Najeriya, ya kai shekara 35 (da can 40 ne, aka rage a 2018), yana da ilimin da ya kai matakin sakandare, sannan ya zama ɗan wata jam'iyya, ita ce kuma za ta tsayar da shi. Sharaɗin ƙarshen nan shi ne ƙofar. Babu ɗan takara mai zaman kansa, komai farin jininsa. Dokar zaɓe ta 2022 kuwa ta ba jam'iyyu hanya uku na zaɓen fidda gwani: 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya zai fito ya zaɓa, zaɓen wakilai, wato daliget, sai maslaha, inda za a daidaita a kan mutum ɗaya, bisa sharaɗin duk waɗanda aka tantance su rubuta amincewarsu su sa hannu. Manyan jam'iyyun biyu duk hanyar daliget suka bi a 2022.

Kafin a kai ga daliget akwai kuɗin fom. PDP ta sa nata a naira miliyan 40. APC ta ce miliyan 100: 30 na nuna sha'awa, 70 na takarar kanta. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashin sama da shekara 270, bai ci bai sha ba, kafin ya mallaki takardar. An yi zaton tsadar za ta rage cunkoso. Ina! Sama da mutum 20 suka biya, 23 suka bayyana gaban kwamitin tantancewa na John Odigie-Oyegun. Har wani sabon salo ya shigo, na ƙungiyoyin da ke cewa su suka haɗa kuɗi suka saya wa gwaninsu fom ba da saninsa ba. An sayi fom da sunan Gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele, aka sayi wani da sunan tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan, wanda ko ɗan jam'iyyar ba ne a sanin jama'a, ya kuma fito ya nesanta kansa. Dokar ta kuma tilasta wa masu riƙe da muƙamin naɗi su ajiye aiki kafin zaɓen fidda gwani. Rotimi Amaechi da Godswill Akpabio da Ogbonnaya Onu suka bar kujerun minista. Chris Ngige ya auna, ya ga tsuntsun hannu ya fi, ya fasa takarar.

To su wane ne daliget, kuma me ya sa suka yi ƙaranci haka a wannan shekara? A nan labarin yake da ban dariya. A al'ada, taron fidda gwani yana da wakilai iri biyu. Akwai waɗanda ake zaɓowa daga ƙananan hukumomi don wannan aikin kaɗai, akwai kuma masu shiga saboda muƙaminsu: shugaban ƙasa da mataimakinsa, gwamnoni, 'yan majalisa na yanzu da na da, shugabannin jam'iyya. Waɗannan na biyun su ne ke cika fili. Amma da majalisa ta rubuta sashe na 84(8) na sabuwar dokar, sai ta ambaci zaɓaɓɓun wakilai kaɗai. 'Yan majalisa sun cire kansu da hannunsu ba su ankara ba. A watan Mayu suka yi zaman gaggawa suka gyara, suka aika wa Shugaba Muhammadu Buhari, shi kuma ya ƙi sa hannu har aka gama zaɓukan. Sakamakon haka, PDP ta zo da wakili ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma cikin 774, da 'yan ƙarin wakilan masu buƙata ta musamman, APC kuma uku-uku. Buhari da kansa ya zauna a Eagle Square a matsayin ɗan kallo, ba shi da ƙuri'a. A kwatanta da Disambar 2014 a filin wasa na Teslim Balogun a Legas, inda shi kaɗai ya samu ƙuri'a 3,430, Rabi'u Musa Kwankwaso 974, Atiku 954.

Idan masu zaɓe suka ragu, darajar kowanne sai ta tashi. Makonni kafin taron, masu neman takara suka yi ta zagaya jihohi a jiragen haya, ba don taron gangami ba, sai don ganawa da daliget a ɗakunan taro na gidajen gwamnati da otal-otal. Jaridu sun cika da rahotannin rabon daloli, har aka ga jami'an EFCC da jajayen rigunansu suna kewaya filin taron PDP. Babu wanda ke ba da rasit a irin wannan ciniki, don haka alƙaluman da aka riƙa yaɗawa zance ne na baka. Sai dai wasu abubuwan sun fito fili. Wani daliget na PDP daga kudancin Kaduna ya koma gida ya raba wa marayu da marasa galihu miliyoyin naira, bai kuma ɓoye cewa daga taron ya samo su ba. A jihar dai, Sanata Shehu Sani ya shelanta cewa ba zai ba daliget ko sisi ba a takarar gwamna. Ƙuri'a 2 ya samu.

Duk da haka, wanda ya ɗauka kuɗi ne kaɗai ke magana bai gama fahimtar wasan ba. Daliget yana da ubangida. A yawancin jihohi gwamna ne ke riƙe da shugabannin jam'iyya tun daga mazaɓa, shi ke da ta cewa a kan sunayen da za a aika Abuja, shi zai kama musu masauki, kuma da wakilinsa za su shiga fili a jere jiha-jiha. Daliget zai iya karɓa daga hannun kowa, amma bayan taro gida zai koma, inda gwamna ke jiransa. Shi ya sa mai neman takara da ya san kan abin yake fara lissafi da gwamnoni, ba da ɗaiɗaikun wakilai ba.

Abin da ya faru a APC ya nuna haka ƙarara. Buhari bai fito ya nuna ɗan lelensa ba, sai jita-jita ta cika gari. A farkon watan Yuni Bola Tinubu ya je Abeokuta ya yi jawabin nan da Yarbanci da ya zama abin faɗa, yana tuna wa jama'a rawar da ya taka wajen hawan Buhari, yana cewa yanzu layi ya zo kansa. Ranar 4 ga wata gwamnonin APC na Arewa suka fitar da sanarwa cewa bayan shekara takwas na Buhari, mulki ya koma Kudu. Ranar 6 ga wata shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya sanar da kwamitin gudanarwa cewa Shugaban Majalisar Dattawa Ahmad Lawan, ɗan Yobe, shi ne ɗan takarar maslaha. Nan take wasu 'yan kwamitin suka ce ba da yawunsu ba, gwamnonin suka garzaya fadar shugaban ƙasa, fadar kuma ta ce Buhari bai zaɓi kowa ba. Ko da ba a yi wannan bore ba, doka ta riga ta ɗaure hannun Adamu, tunda babu yadda za a yi mutum 22 su sa hannu su bar wa Lawan.

Daren taron sai aka shiga jerin janyewa. Akpabio ne ya buɗe, sai Ibikunle Amosun, Kayode Fayemi, Dimeji Bankole, Gwamnan Jigawa Muhammad Badaru Abubakar, Ajayi Boroffice da Uju Ohanenye, mutum 7 duk suka mara wa Tinubu baya. Da gari ya waye aka ci gaba da ƙidaya har rana ta take: Tinubu 1,271, Amaechi 316, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo 235, Lawan 152. Fasto Tunde Bakare, wanda ya yi wa Buhari mataimaki a takarar 2011, ya biya miliyan 100 bai samu ƙuri'a ko ɗaya ba. Su kuwa masu janyewa, da yawansu ba su yi asara ba. Akpabio ya zama Shugaban Majalisar Dattawa a 2023, Badaru ministan tsaro, Ohanenye ministar harkokin mata. Ga wasu, fom ɗin tun asali kujerar zama ce a teburin ciniki.

Janyewar tsakar dare tsohuwar dabara ce. A Jos, cikin Maris 1993, a taron SDP, Atiku da kansa ne ya zo na uku a zagayen farko, ya kuma janye wa Moshood Abiola a kan Babagana Kingibe. Da Abiola ya tashi ɗaukar mataimaki, Kingiben ya ɗauka. Sai bayan shekara 29 wani ya yi wa Atiku abin da ya yi wa Abiola. Wani abin da ya ƙara wa Wike zafi shi ne, a taron Fatakwal na Oktoban 2018, shi ne ya tsaya wa Tambuwal tsayin daka a kan Atiku, inda Atikun ya yi nasara da 1,532 a kan 693.

Abin da PDP ta kasa yi shi ne ɗinke ɓarakar bayan taro. Tun da farko ta yi watsi da karɓa-karɓa ta buɗe takarar ga kowane yanki, abin da ya ɓata wa 'yan Kudu rai. Kwankwaso ya riga ya fice daga PDP a watan Maris ya koma NNPP. Peter Obi, wanda ya yi wa Atiku mataimaki a 2019, ya sayi fom, ya zagaya jihohi, ya ga inda daliget suka karkata, sai ya sauya sheƙa kwana uku kafin taron. Ranar 30 ga Mayu a Asaba jam'iyyar Labour ta miƙa masa tuta. Bayan taron PDP aka ga shugaban jam'iyyar Iyorchia Ayu a bidiyo yana rungumar Tambuwal yana kiransa gwarzon taro, alhali shi ne ya kamata ya zama uban kowa. Daga nan Atiku ya tsallake Wike ya ɗauki Ifeanyi Okowa na Delta a matsayin mataimaki. Wike ya ja gwamnonin Oyo, Binuwai, Inugu da Abiya suka kafa ƙungiyar da aka sani da G5, suka ce sai Ayu ya sauka, tunda ɗan takara da shugaban jam'iyya duk daga Arewa suke. Ayu bai sauka ba, su ma ba su yi wa Atiku kamfe ba.

Sakamakon da INEC ta bayyana na zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023 ya ba Tinubu ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso miliyan 1.49. Mutum ukun da suka biyo bayan Tinubu duk a lemar PDP suke a 2019, kuma jimillarsu ta haura miliyan 14. Ba lallai ne a ce da sun zauna tare duk ƙuri'un za su taru wuri ɗaya ba, domin matasan da suka bi Obi da yawansu PDP ɗin ma suke gudu. Amma an bayyana Tinubu a matsayin wanda ya ci jihar Ribas, tsohuwar cibiyar PDP, kuma a watan Agusta aka rantsar da Wike ministan Abuja.

Duk lokacin da aka yi irin wannan, sai a ji kiran a koma 'yar tinƙe, a karɓe iko daga hannun gwamnoni a mayar wa 'yan jam'iyya. Majalisa ta gwada tilasta hakan a 2021, Buhari ya ƙi sa hannu a watan Disamba, yana kafa hujja da tsada da matsalar tsaro da 'yancin jam'iyyu su zaɓi hanyarsu. Masu kiran suna da gaskiyarsu, domin sayen mutum miliyan ya fi sayen mutum 800 wuya. Amma 'yar tinƙe tana buƙatar sahihiyar rajistar 'yan jam'iyya, kuma wanda ke riƙe da rajistar da takardar rubuta sakamako shi ne dai gwamnan da ake gudu. An gwada a 2018, lokacin da APC ta yi wa Buhari 'yar tinƙe shi kaɗai ba abokin hamayya. Jam'iyyar ta ce mutum miliyan 14.8 ne suka fito suka zaɓe shi, ciki har da miliyan 2.9 daga Kano kaɗai. Da aka zo babban zaɓe a Fabrairun 2019, inda ɗan jam'iyya da wanda ba ɗan jam'iyya ba duk suke da damar zaɓe, Buhari ya samu miliyan 15.2 a faɗin ƙasa, a Kano kuwa miliyan 1.46.