Takunkumin Fuska a Masana'antun Kano: Abin da Hukumomi Suka Yi da Abin da Aka Jingina Musu

Daga cikin maganganun da suka rage a bakin jama'a tun bayan annobar korona akwai wadda ke cewa hukumomin Kano, daga ƙananan hukumomi har gidan gwamnati, ba su taɓa amincewa da dokar sanya takunkumin fuska ba, wai Abuja ce ta ƙaƙaba ta su kuwa suka yi watsi da ita, saboda haka ma'aikacin Sharada ko Challawa ko Bompai da mai gadi ya tare a ƙofar kamfani don bai rufe baki da hanci ba an ci zalinsa ne kawai. Maganar ta samu gindin zama domin an gina ta a kan saɓanin da ya faru da gaske tsakanin Kano da Abuja, sai dai an ɗauke saɓanin daga inda yake an ɗora shi a kan takunkumi.

An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu, 2020, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta rufe jihar na mako guda daga ranar 16 ga watan, sannan ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa Kano dokar kulle ta mako biyu, a jawabin da ya wajabta rufe baki da hanci a bainar jama'a a ƙasar baki ɗaya. A kan kullen ne aka yi ja-in-ja, domin gwamnan ya nemi a sassauta saboda azumi da ƙuncin abinci, kuma a farkon watan Mayu ya ba mutane damar fita ranakun Litinin da Alhamis daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma. Saɓani na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne na mace-macen da suka cika maƙabartu a watan Afrilu, waɗanda gwamnatin jihar ta fara danganta su da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, yayin da Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama sanadin korona. A duk wannan taƙaddama babu inda gwamnatin jihar ta ce a ajiye takunkumi. Hasali ma ta yi rabonsa kyauta, ta rufe gidajen kallon ƙwallo da wuraren biki a watan Janairun 2021 da cutar ta sake tasowa, kuma kotunan tafi-da-gidanka, wato kotunan da ke zama a wurin da aka kama mai laifi su yanke hukunci nan take, sun ci tarar mutanen da aka samu ba takunkumi a titunan birnin.

Batun ƙananan hukumomi shi ya fi bukatar a tsaya a kansa, domin a nan ne jita-jitar ta fi rauni. Rukunin masana'antu na Bompai yana cikin ƙaramar hukumar Nassarawa, na Challawa yana Kumbotso, Sharada kuwa mazaɓa ce ta ƙaramar hukumar Birni da Kewaye, ko da yake kamfanoninta sun bazu zuwa maƙwabta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan majalisu da tsarin mulkin 1999 ya ba ikon soke dokar annoba, saboda killace masu cuta yana cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, haka ma ƙwadago da lafiyar ma'aikata a wurin aiki. Abin da aka bar wa ƙaramar hukuma shi ne kasuwanni da tashoshin mota da kwatas da maƙabartu da kwashe shara da hannu a kiwon lafiya matakin farko. Dokar da ta fi fayyace batun takunkumi ita ce wadda Buhari ya sanya wa hannu ranar 26 ga Janairu, 2021, a ƙarƙashin tsohuwar Dokar Killacewa ta 1926, wadda ta wajabta rufe baki da hanci a wuraren aiki da kasuwanni da makarantu da wuraren ibada da motocin haya, ta ɗora wa mai kula da wuri alhakin tabbatar da hakan, ta kuma tanadi tara ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Ke nan manajan kamfanin roba a Sharada da ya ce ba mai shiga ɗakin inji sai da takunkumi nauyin da doka ta ɗora masa yake saukewa, kuma ba ya bukatar yardar ciyaman ko kansila.

Bayan rashin hurumi akwai kuma yanayin siyasar lokacin. A wancan lokaci kuɗin ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha, tsarin da Kotun Ƙoli ba ta yanke hukunci a kansa ba sai a watan Yulin 2024, kuma a zaɓen da aka yi ranar 16 ga Janairu, 2021, ana tsakiyar dawowar cutar, jam'iyyar gwamna ce ta lashe kujerun shugabannin ƙananan hukumomi 44 gaba ɗaya. Shugaban da ke jiran albashin ma'aikatansa daga gidan gwamnati ba shi ne zai fito ya yi fito-na-fito da umarnin gwamna ba.

Irin wannan adawa ta hukuma da hukuma ta faru, amma a wasu wuraren, kuma labarinta ya iso Kano ta rediyo da WhatsApp. A Amurka, inda birane da gundumomi ke da ikon kafa dokokin lafiya na kansu, gwamnan jihar Jojiya Brian Kemp ya kai magajiyar garin Atlanta ƙara a watan Yulin 2020 saboda ta wajabta takunkumi, gwamnan Teksas Greg Abbott ya hana ƙananan hukumomin jiharsa tilasta shi a watan Mayun 2021, sannan a Yulin wannan shekarar shugaban 'yan sandan gundumar Los Anjalis ya ce jami'ansa ba za su tilasta dokar takunkumin cikin gini da gundumar ta dawo da ita ba. A gida Najeriya, gwamnan Kogi na lokacin Yahaya Bello ne ya yi fice wajen musanta cutar da ƙin bin shawarar hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa. Wanda ya ji waɗannan labarai, ya kuma ji cewa gwamnan Kano yana jayayya da Abuja, abu ne mai sauƙi ya haɗa su wuri guda.

Akwai ɓangaren gaskiya a jita-jitar da bai kamata a ɓoye ba, shi ne cewa tilasta dokar ya yi rauni ƙwarai, har wanda ya kalli kasuwar Kwari ko layin masu a daidaita sahu a ƙofar kamfani lokacin tashin aiki zai iya rantsewa babu wata doka. Manyan mutane sun yi taron siyasa da ɗaurin aure fuska a buɗe, samamen jami'ai ya fi yawa a kan titi inda iska ke kaɗawa, alhali haɗarin ya fi tsanani a cikin gini inda ba mai leƙawa. Wannan sakaci ne, kuma laifi ne da ya kamata a ɗora wa hukumomi, amma sakaci daban yake da soke doka, kuma bambancin yana da amfani ga ma'aikaci, domin dokar da aka yi wa sakaci, muddin ba a soke ta ba, tana nan da ƙarfinta, yana iya neman haƙƙinsa da ita.

Dalilin da ya sa aka fi matsa wa cikin gini yana cikin yadda cutar ke yaɗuwa. Mai ɗauke da ƙwayar cutar, ko da bai fara jin ciwo ba, yana fitar da ƙananan ɗigon ruwa daga baki da hanci yayin numfashi da magana da tari, mafi ƙanƙantarsu kuwa ba sa faɗuwa ƙasa da wuri, suna rataye a iska su taru a ɗakin da ba shi da mashiga da mafita, kamar yadda hayaƙin garwashi ke cika ɗakin da aka rufe tagoginsa. Ɗakin inji a masana'anta ya haɗa duk sharuɗɗan: mutane da yawa na awa takwas ko goma sha biyu a ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, ƙarar inji tana tilasta wa mutum ya sauke takunkumi zuwa haɓa ya kai baki kusa da kunnen abokin aikinsa ya ɗaga murya, sannan ga ɗakin sauya kaya da wurin cin abinci da ƙaramin masallacin kamfani, inda ake cunkusuwa a lokaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci jama'a su rufe baki da hanci tun watan Yunin 2020, kuma a Disambar shekarar ta ƙara jaddada hakan ga ɗakunan da iska ba ta ratsa su sosai.

Maganar cewa takunkumi yana hana iskar oksijin shiga ko yana tara gurɓatacciyar iskar da mutum ya fitar har ta yi masa illa ba ta da tushe, domin ƙwayoyin waɗannan iskoki sun fi ramukan ƙyallen ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma likitocin tiyata suna shafe awanni da shi a fuska. Wahalar da leburori suka yi kuka da ita kuwa gaskiya ce. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, a shekarar 2020 kuma azumi ya faɗo a cikinsa, mai ɗaukar buhu ko mai tsayuwa gaban injin narka roba takunkuminsa yana jiƙewa da gumi cikin ɗan lokaci, jiƙaƙƙen takunkumi kuwa yana manne wa hanci, yana wahalar da numfashi, amfaninsa kuma yana raguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce a sauya shi idan ya jiƙe, ta kuma hana sanya shi yayin motsa jiki mai tsanani. Kamfanin da ya ba ma'aikaci takunkumi ɗaya na mako guda, ko ya bar shi ya saya daga ladansa na yini, ya cika siffar doka ne ya bar manufarta.

Masu cewa bincike ya nuna takunkumi ba ya aiki sun ɗauki rabin magana ne. Gwajin da aka yi a Denmak a 2020 da mutum kusan dubu shida bai nuna bambanci mai ƙarfi ba wajen kare wanda ya sanya shi, amma bai auna kariyar da yake ba na kusa da shi ba. Gwajin Bangaladash, wanda ya shafi ƙauyuka 600 da mutum fiye da dubu 340, ya nuna cewa takunkumin asibiti ya rage kamuwa mai alamomi da kusan kashi 11 cikin ɗari, kuma da kusan kashi 35 a tsakanin waɗanda suka haura shekara sittin, yayin da sakamakon na atamfa bai fito fili ba. Nazarin cibiyar Cochrane na farkon 2023, wanda aka yi ta yaɗawa a matsayin hujjar rashin amfaninsa, babbar editar cibiyar ta fito a watan Maris ta ce an yi masa mummunar fahimta, domin abin da ya gano shi ne hujjojin ba su kai a yanke hukunci ba. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne kariyar tana nan amma ba cikakkiya ba ce, kuma ta dogara da irin takunkumin da yadda ya zauna a fuska.

Wani ruɗani ya keɓanta da masana'antu, musamman kamfanonin jimar fata na Challawa da Sharada. Takunkumin ƙura mai ɗan murfin roba a gaba yana tace iskar da ke shiga amma yana sakin wadda ke fita ba tacewa, saboda haka yana kare mai shi ya bar abokan aikinsa. Ƙyallen korona kuma ba ya tare iskar guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga ramukan jiƙa fata da magudanan ruwan sinadari, wadda ke iya kashe mutum a rufaffen wuri, don haka wanda aka tura yashe irin wannan rami da takunkumin atamfa ba a ba shi wata kariya ba.

Saurin karɓar jita-jitar yana da tarihi a Kano. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da dakatar da rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004, sun bar shakku a kan duk umarnin lafiya da ya zo daga nesa, kuma da gwamnan ya nemi naira biliyan 15 daga Gwamnatin Tarayya don yaƙar cutar sai masu cewa babu korona suka ɗauki hakan hujjar cewa neman kuɗi ne. Daga baya dai kwamitin shugaban ƙasa kan yaƙi da korona ya ɗage wajabcin takunkumi a sarari a watan Afrilun 2022, ya ɗage na cikin gini a Disambar shekarar. Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta hana cunkoso a ɗakin aiki, ta wajabta isasshiyar iska da kare ma'aikata daga ƙura da hayaƙi, ba ta tafi da annobar ba, kuma jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne ke da alhakin shiga kamfanonin Sharada da Challawa da Bompai su duba ko ana bin ta.