Ɗaukewar Magana a Ciwon Ɓarin Kai: Abin da Hoton Ƙwaƙwalwa ke Nunawa

Ciwon ɓarin kai yakan taɓa harshe. Kafin ya sauka, wasu kan ga walƙiya a ido, wasu kuma kalmomi su ɓace musu na tsawon minti 5 zuwa 60. A shekarar 1944, Leão ya gano wata igiyar lantarki da ke ratsa ɓawon ƙwaƙwalwa, kimanin milimita 3 a minti, wadda ake danganta waɗannan alamomi da ita. A lokacin, hoton MRI kan nuna raguwar jini a ɓangaren hagu, mazaunin cibiyoyin magana, daga baya ya daidaita. A bugun jini kuwa, tabo kan zauna. Don haka, duk wanda maganarsa ta ɗauke farat ɗaya, a gaggauta kai shi asibiti a bambance.