Yadda ƙwayar HIV ke karya garkuwar jiki

A watan Mayun shekarar 2024 ne gwamnan jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sanya hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da gwajin ƙwayar HIV mai haddasa cutar ƙanjamau.

Dokar ta shafi mazauna birni da na karkara, har da garuruwa irin su Lajawa a ƙaramar hukumar Wudil, inda iyaye kan ga sun san manemin 'yarsu tun yana yaro, kuma ba su taɓa ganinsa kwance ba.

To sai dai ganin ido ba ya nuna wanda ke ɗauke da wannan ƙwaya.

Makonni biyu zuwa huɗu bayan ta shiga jiki, wasu kan yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin kaluluwa. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, ba wuya mutum ya sayi magani a kemis, ya ji sauƙi, ya manta. A wannan lokaci ne kuwa ƙwayar ta fi yawa a cikin jini, ta kuma fi saurin yaɗuwa.

Daga nan sai komai ya lafa, amma a zahiri kawai.

Ƙwayar tana kutsawa ne cikin wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne ke tsara yadda jiki zai tunkari cututtuka. Takan cusa bayanan halittarta cikin nasu, ta mayar da su wurin hayayyafarta, daga bisani su mutu. Jiki kan yi ta maye gurbinsu, amma sannu a hankali ɓarnar kan rinjayi gyaran.

Mai lafiya yana da ƙwayoyin CD4 kimanin 500 zuwa 1,500 a ɗan mitsitsin ma'aunin jinin da likitoci ke amfani da shi. Idan suka gaza 200, an kai matakin ƙanjamau ke nan. In babu magani, hakan kan ɗauki shekaru takwas zuwa goma, mutum yana noma, yana kasuwanci, yana aure.

A wannan mataki ne cututtukan da jiki ya saba dannewa ke samun kafa: gudawa mai naci, da rama, musamman ma tarin fuka, wanda ya fi kowace cuta kashe masu HIV.

Magungunan ARV, waɗanda ake bayarwa a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba sa kawar da ƙwayar, amma suna hana ta hayayyafa, garkuwar jiki ta farfaɗo. Wanda ya lizimci shan su har gwaji ya daina ganin ƙwayar a jininsa ba ya sa wa abokin zamansa na aure, kuma haɗarin uwa ta sa wa jariri yana raguwa ƙwarai.

Gwajin kansa yana da iyaka: irin wanda ake yi nan take zai iya kasa gano ƙwayar har tsawon watanni uku bayan kamuwa, shi ya sa likitoci kan nemi a sake shi.