Mazauna Tsakanin Ƙwayoyin Rairayi

Masu haƙar rijiya a ƙasar Gwandu da Kalgo sun san ba a yumɓu ruwa ke kwana ba, a rairayi yake. Dalili kuwa, ƙwayoyin rairayi ba su haɗuwa ƙam. Tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta akwai ɗan fili, nan ruwa ke maƙalewa. Masana duwatsu har sun laƙaba wa wannan shimfiɗar rairayi sunan Gwandu. To, a gaɓar teku irin wannan ɗan fili gari ne guda mai mazauna.

Cikin mazaunansa akwai wata halitta da ake kira tadigirada, watau mai tafiya sannu-sannu. Wani limamin coci Bajamushe mai suna Goeze shi ya fara bayyana ta a 1773, ya kamanta siffarta da ta dabbar nan da Larabawa ke kira dubbu. Ƙafafunta takwas. Na teku kuwa, sau da yawa goma a jere ba su kai tsawon ƙwayar gero ba, sai da madubin likita ake ganinsu.

An ƙidaya irinsu fiye da 1,300 a duniya, na teku sun haura 200, kowane da kayan aikinsa gwargwadon mazauninsa. Mai suna Batillipes, wanda aka bayyana a 1909, yana da yatsu masu faifai a baki, da su yake liƙe wa ƙwayar rairayi don kada igiyar ruwa ta fizge shi. Waɗansu farata gare su, waɗansu kuma dogayen gassu da ke taimakonsu shawagi.

Ra'ayin yawancin masana shi ne asalinsu duka teku ne, gama an sami ɓurɓushin danginsu a duwatsun Saberiya masu shekara wajen miliyan 500. Daga teku waɗansu suka shiga ruwan daɗi da gansakuka. Na tudun nan su suka ƙware da jimirin fari: in ruwa ya janye sai su dunƙule su bushe kamar ƙura, in ya dawo su farfaɗo. A 2007 an kai waɗansu sararin samaniya inda babu iska, suka dawo da rai. Na cikin zurfin teku ba su da wannan baiwa. Akwai kuma zuriyar Halobiotus da ta bar ruwan daɗi ta koma na gishiri, kamar falken da ya koma garin kakanninsa.

Kada mai karatu ya ce ina ruwanmu da teku. Shekara wajen miliyan 60 da suka wuce, teku ya malale ƙasar Sakkwato. Shaida ita ce ɓawon dodon-koɗi da ake tsinta a dutsen Kalambaina da ake siminti da shi. Bayan ya janye ne rairayin Gwandu ya kwanta.

Abin lura shi ne, rayuwar waɗannan halittu ta rataya ga ɗan filin nan. In laka ko dauɗa ko mai ya toshe shi, iska ba ta shiga, garin ya mutu. Haka kuma rijiya: rairayin da ya ƙazantu, ruwansa ya ƙazantu. Wanda ya tsare rairayi daga juji da masai, ya tsare abin shansa da na zuriyarsa.