Tsohon jirgi ne ke kisa, ko sakaci?

Duk shekara idan maniyyata suka fara haɗa kaya a Bauchi, sai maganar nan ta dawo: "Wai tsohon jirgi za a kawo mana." Kafin a isa filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum, gaban mutane ya riga ya faɗi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake auna jirgi da shekaru, kamar mai duba haƙoran ragon layya.

Mu fara da inji: kamfanin Boeing mai ƙera jirage ba ya ƙera inji. Sayowa yake daga wasu kamfanoni, kuma ɗaya daga cikin tsofaffinsu shi ne Pratt & Whitney, wanda Frederick Rentschler ya kafa a Amurka a 1925. Injinsa na farko, Wasp, iska ce ke sanyaya shi ba ruwa ba, kamar dai injin babur ɗin ɗan acaɓa. Rashin nauyinsa ya sa sojojin ruwan Amurka suka rungume shi. Daga baya injinsa JT8D ya ɗauki jiragen Boeing 737 na Nigeria Airways, JT9D kuma ya ɗaga Boeing 747 na farko a 1969. Jiragen yaƙi 12 ƙirar Super Tucano da suka iso Nijeriya a 2021 ma da injinsa suke tashi.

Babban gadon irin waɗannan kamfanoni shi ne littafin lissafi. Ba a ƙirga shekarun inji, awannin aikinsa ake ƙirgawa, da yawan tashi da sauka. Manyan sassansa kowanne da wa'adinsa; idan ya cika, cire shi ake yi ko da yana ƙyalli. Ana zura siririyar kyamara cikinsa, kamar yadda likita ke leƙa cikin majiyyaci. Ana iya kwance injin ɗungurungum a ɗaura wani. Dubi mai injin niƙan unguwarku: wanda ke juye baƙin mai a kan lokaci ya shekara ashirin da nasa, makwabcinsa kuwa ya kashe sabo cikin damina biyu.

Ga misalin sakaci: a ranar 3 ga Yuni, 2012, jirgin kamfanin Dana ya faɗi a Legas da mutum 153 a ciki, bayan injinansa biyu sun gaza. Masu bincike sun gano cewa na farko ya fara ba da matsala tun da sauran tafiya, amma ba a sauka a fili mafi kusa ba. An kuwa tsara jirgi ya iya sauka lafiya da inji ɗaya.

Don haka maniyyaci ya daina tambayar shekarun jirgi. Jami'an da ke sa hannu a kwangilar jigila su ne ya kamata su nemi takardun gyara, su kuma yi wa jama'a bayani. Rayukan iyayenmu amana ce a hannunsu.