Haya ko Gini: Zaɓin Mai Neman Shafin Intanet a New York

Hanya biyu ce a gaban mai son mallakar shafin intanet. Ko dai ya shiga dandalin haɗa-da-kanka, inda aka riga aka tanadi komai, ya jawo hoto ya ajiye nan, ya zuba rubutu can, ba tare da ya rubuta umarnin kwamfuta ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ko kuma ya ɗauko ƙwararru su rubuta masa manhaja tun daga tushe. Ta farko haya ce, ta biyu gini.

Birnin New York na Amurka cibiya ne na masu ba da hayar. A Manhattan hedikwatar Squarespace take, kamfanin da Anthony Casalena ya fara a 2003 yana ɗalibi a Jami'ar Maryland, wanda kamfanin Permira ya saye a 2024 kan kimanin dala biliyan 7.2. A birnin aka kafa Bubble a 2012, sannan Unqork a 2017, wanda ya fi karkata ga bankuna, kamfanonin inshora da hukumomi.

Amfanin wannan hanya ya fito fili a 2020, lokacin da korona ta rufe birnin. Hukumomi sun buƙaci shafin da mabuƙata za su nemi a kai musu abinci har gida, direbobin tasi da aiki ya tsaya musu kuma su yi dakon. Da Unqork aka haɗa shi cikin 'yan kwanaki. A wannan shekarar ne aka buɗe Project Cupid, inda masu son aure ke samun lasisi ba tare da zuwa ofishi ba. Aiki irin wannan, na cike fom da tura bayani daga tebur zuwa tebur, shi dandalin ya fi ƙwarewa a kai.

Ginin kuwa birnin ya ɗanɗana ɗacinsa. CityTime, manhajar lissafin lokutan aiki da albashin ma'aikatan birni, an yi mata kasafin dala miliyan 63, ta lashe kusan miliyan 700. An gano almundahana a ciki, kuma a 2012 kamfanin SAIC, mai kwangilar aikin, ya amince ya biya dala miliyan 500. Sai dai ba rubuta manhaja ne ya cinye kuɗin ba, rashin sa ido a kan 'yan kwangila ne. A ɗaya ɓangaren kuwa, a farkon 2021 wani injiniya shi kaɗai ya rubuta TurboVax, shafin da ke tattaro guraben allurar rigakafi daga shafukan gwamnati daban-daban, a kan abin da bai kai dala 50 ba. Babu wani shiryayyen zubi da aka tanada domin irin wannan buƙata.

A wajen haya kuwa, inda gizo ke saƙar shi ne ranar tashi. Dandalin Wix ba ya barin a kwashe shafi zuwa wani masauki. Squarespace yana barin a fitar da wani sashe na rubutu da hotuna zuwa WordPress, amma fasalin yana nan inda yake. A Bubble ana iya kwashe bayanai, ban da manhajar kanta; da kamfanin ya sauya tsarin farashinsa a 2023, masu hulɗa da shi da dama sun koka, amma tashi na nufin sake aikin daga farko.

Ga mai shagon shadda da atamfa a Bronx, ko mai gidan abinci a titi na 116 a Harlem, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Buƙatarsa hotuna ce, farashi, adireshi da hanyar karɓar kuɗi, kuma kuɗin wata-wata bai kai ladan injiniya na yini guda ba. Wanda shafin ne ainihin hajarsa, kamar mai harkar aika kuɗi zuwa Kano ko Yamai, shi ne ke buƙatar nasa ginin, tare da sanin cewa gyara da tsaro sun hau kansa har abada.

Akwai nauyin da ba ya sauka ko wace hanya aka bi. Kotunan tarayya da ke New York suna cikin waɗanda suka fi karɓar ƙararraki kan shafukan da makafi ba sa iya amfani da su, bisa dokar kare haƙƙin masu naƙasa ta 1990, kuma mai kasuwancin ake gurfanarwa, ba kamfanin da ya ba shi hayar dandali ba.