Koyon Kaɗi da Saƙa a Ƙasar Kano: Daga Mazari zuwa Injin Bompai

Sa'ad da Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, watau Heinrich Barth, ya sauka Kano a shekarar 1851, babu abin da ya ɗauki hankalinsa kamar cinikin tufafi. Ya ƙiyasta cewa kowace shekara akan ɗora wa raƙuma kamar 300 kayan saƙar Kano zuwa Tambutu kaɗai. Duk wannan arziki kuwa da hannu aka tara shi. Saboda haka ya kamata a duba yadda ake koyon sana'ar, da kuma abin da ya same ta.

Kaɗi aikin mata ne, kuma a cikin gida ake koyonsa. Yarinya takan fara da gurza, watau ta ɗora auduga a kan dutse ta murza ta da ɗan ƙarfe har gurya ta fita. Daga nan sai shiɓa da ɗan baka, don audugar ta warware ta yi laushi. Bayan ta ƙware a waɗannan ne ake ba ta mazari da gululunsa, da allin da za ta riƙa shafawa a yatsu don kada su yi santsi. Iri biyu take koyo: zare, wanda yake siriri mai murɗi ƙwarai, da abawa, mai kauri da taushi. Kuɗin da mace ta samu a kaɗi nata ne, da shi take haɗa kayan ɗakin 'yarta.

Saƙa kuwa a masaƙar maza gado ce, amma akan kai yaro wurin wani gwani ya koya. Masaƙa suna da shugabansu, Sarkin Masaƙa, wanda yake sasanta su, yake kuma tsaya musu a gaban hukuma. Ba a ɗora yaro a kan masaƙa ran da ya zo. Zai daɗe yana naɗa abawa a ƙwarkwaro, yana taya maigidansa wadari, yana kallo. Sannu a hankali zai gane aikin allera, wadda ke raba zaren tsaye gida biyu in an taka mataki, da ƙoshiya mai ratsawa da abawa ta tsakani, da matsefi mai danne saƙar, da kuma kunkuru, wanda aka aza wa dutse don zaren ya miƙe. Da fari ake soma shi, sa'an nan saƙi, sa'an nan gwado da luru. In bakin sawunsa ya daina karkacewa, to ya kama hanya. Sawayen nan ne ake haɗawa a ɗinka riga ko zane, wasu a kai su marinar Ƙofar Mata, ko Kura inda ake yin turkuɗi, daga nan sai Kasuwar Kurmi.

Abin da ya fara girgiza wannan tsari shi ne zuwan Turawa. A 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA a Ingila domin samar wa masaƙunsu auduga, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Auduga ta riƙa fita, yadin kanti yana shigowa. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani ta KTL a Kaduna. Kano ma ta bi sahu: aka keɓe Bompai domin masana'antu, daga baya aka ƙara Sharaɗa da Challawa. Masaƙa suka ga zaren inji ya fi araha, ga shi bai ɗaya, sai suka koma masa. Ta haka kaɗi ya riga saƙa durƙushewa, gama mai mazari ta rasa mai saye. Samari kuma suka zaɓi albashin kamfani a kan zaman koyo.

To, amma injin ma bai dawwama ba. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, kayan gyaran inji suka yi tsada. Ga ƙarancin wutar lantarki, ga yadin Asiya mai araha ya cika Kantin Kwari. KTL ta rufe a 2002, masaƙu da dama na Bompai da Sharaɗa da Challawa su ma suka tsaya, aka sallami ma'aikata. Abin lura a nan shi ne, ma'aikacin kamfani sashe ɗaya tak na aikin ya sani, in inji ya tsaya, iliminsa ya tsaya. Masaƙin gargajiya kuwa, kamar waɗanda suka rage a Minjibir, ya san aikin tun daga wadari har zuwa sawu, kayan aikinsa kuma itace ne da gora.

Wannan ilimi ba a rubuce yake ba, daga hannu zuwa hannu yake tafiya. In aka sami tsara guda da ba ta koya ba, ya yanke ke nan, kuma kalmomi irin su allera da gululu za su bi shi. Saboda haka akwai aiki a gaban ɗalibai, su je su zauna da tsofaffin masaƙa da masu kaɗi, su rubuta abin da suka gani da sunayensa. Ma'aikatan hukuma kuwa, su ne ke da ikon sa gwanayen nan cikin makarantun koyon sana'a, a biya su ladan koyarwa, a kuma nema wa kayansu kasuwa. Hausawa dai sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.